Hoton da 'Yata Ta Ɗauka a Aji Uku

A Agege aka haife ni, a nan na yi aure, a nan kuma na haifi yarana biyu, duk a cikin layuka uku da ba su da nisa da titin jirgin ƙasa. Gidan da na fi daɗewa a cikinsa irin gidajen hayar nan ne masu dogon lungu a tsakiya, ɗakuna suna kallon juna, kowa da risho ɗinsa a bakin ƙofa. Mu ne a ɗakuna biyu na ƙarshe. Ɗaya namu ne ni da maigidana da yara, ɗayan kuma na Babana, wanda ya dawo wurinmu bayan rasuwar mahaifiyata. Keken ɗinkina yana baranda, inda haske ya fi, kuma daga nan nake ganin duk mai shiga da mai fita.

Maƙwabciyarmu ta ɗakin farko Bayarbiya ce mai sayar da burodi, kowa Iya yake ce mata. Ana idar da sallar asuba ake kawo mata burodin da zafinsa, sai ita da 'yarta su zauna su saka a leda su jera a faranti. Kafin gari ya waye sosai duk gidan ya ɗauki ƙamshi. 'Yar tata sa'ar 'yata ce, wata biyu ne tsakaninsu. Tare suka yi rarrafe a lungun nan, tare aka sa su makaranta. Hausa a bakin yarinyar kamar a Kano aka haife ta, tawa kuma in ta juya harshe zuwa Yarbanci ba mai cewa Bahaushiya ce.

'Yata ita ce ta fari, don haka ba na kiran sunanta. Haka na taso na ga ana yi, ko da yake ƙawayena na Legas dariya suke yi mini. Baba kuwa amarya yake ce mata, irin wasan kaka da jika. Idanunsa sun fara rauni a lokacin, saboda haka duk yamma ita take riƙe masa hannu zuwa bencin da ke ƙofar gida, su zauna da ƙawar tata suna jiran jirgi ya wuce. Su ƙirga masa taragai, shi kuma ya yi ta musu, ya ce sun tsallake ɗaya.

Waya ta shigo hannunta ne a shekarar da aka rufe makarantu saboda annoba. Tana aji biyu a wata ƙaramar makaranta da ke bayan kasuwa. Malamarsu, wadda yara ke kira Anti, ta buɗe guruf a waya ta sa lambobin iyaye, kullum ta turo karatu da muryarta da hoton allo. Maigidana yana sayar da tumatir da tattasai a kasuwar Mile 12, da asuba yake fita da wayarsa. Tawa kuma ita nake nuna wa masu kawo ɗinki samfuri, ba zan iya sakar mata ita wuni guda ba. Sai baban nasu ya sake waya, ya bar mata tsohuwar, wadda fuskarta ta tsage daga kusurwa zuwa kusurwa.

Na ji daɗin abin da farko. Ina taka keke, ita tana gefena a kan tabarma tana maimaita abin da Anti ta faɗa, tana gyara wa ƙaninta haruffa. Baba ya kan miƙa kunne ya ce, "Wai malamar tana cikin abin nan ne?" mu yi dariya.

Aka buɗe makarantu, ta shiga aji uku, amma wayar ba ta koma ko'ina ba. Aikin gida ta guruf ake ci gaba da turowa, wannan ya zama hujja. Ta gama aikin a minti ashirin, sauran yammacin kuma ya tafi a kallon 'yan bidiyo da wasanni. Ba zan ɗora mata laifin duka ba. In ɗinki ya yi mini yawa, musamman gab da Sallah, ni da kaina nake cewa, "Ɗauki waya ku je ciki ke da ƙaninki, ku bar ni in yi aiki." Shirun da nake samu ya fi mini komai daɗi. Ban lura da ranar da aka daina tafa hannu da tsalle-tsalle a lungu ba. Ban kuma lura ba cewa Baba ya koma lallaɓa bango shi kaɗai zuwa bencinsa. Sau ɗaya ya ce mini, "Amarya ta yi yaji," na ɗauka wasan da ya saba ne.

Wata Laraba da hantsi ina yankan yadi sai na ga Iya tsaye a kaina. Na yi mamaki, domin a irin wannan lokacin tana bakin tasha da farantinta. Ba ta gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta miƙo mini wayarta kawai.

Hoton 'yarta ne a cikin aji. Ta kifa kunci a kan tebur tana barci, baki a buɗe, yawu ya jiƙa littafi. An ɗora mata kunnuwan jaki a ka, irin waɗanda waya ke liƙa wa hoto, an kuma rubuta a ƙasa: mai burodi ta yi lodi. A guruf ɗin aji aka saka shi, inda iyaye da yara suke gani. Lambar da ta turo kuwa na san ta kamar sunana, ta wayar da ke hannun 'yata ce. Tun ranar Litinin hoton yake can, ni ban ko buɗe guruf ɗin ba, na bar wa yarinya.

"Kwana biyu ke nan ba ta je makaranta ba," in ji Iya da Hausarta mai karyewa. "Ta ce cikinta na ciwo. Yau na matsa mata, sai ta nuna mini. In ta fita layi yara suna yi mata kukan jaki." Ta ƙara da cewa, "Ni nake tashinta da asuba ta taya ni. Laifina ne da ta yi barci. Amma 'yarki, wadda nake goyawa?"

Na ce mata da Yarbanci ta yi haƙuri, na sake faɗa da Hausa. Ta karɓi wayarta ta tafi.

Da aka tashi daga makaranta, 'yata ta shigo tana 'yar waƙarta. Na karɓi jakarta na zazzage a kan tabarma. Wayar tana cikin safa, a ƙarƙashin kular abincinta. Ashe ta fi wata guda tana tafiya da ita a ɓoye, ni ina zaton tana ƙarƙashin matashi. Na nuna mata hoton a wayata, na ce, "Wa ya yi wannan?"

Ta sunkuyar da kai. "Umma, wasa ne fa. Kowa ya yi dariya."

"Ita ta yi dariyar?"

Na ɗaga murya, na faɗi maganganu da yawa, na ce a ina ta koyi wannan rashin kunya, wa ya taɓa yin haka a gidan nan. Sai ta ɗago da hawaye ta ce, "Ai ke ma kin ɗauki Baba yana gyangyaɗi da rediyo a ƙirji, kin tura wa ƙanwarki, kuna ta dariya."

Gaskiya ta faɗa. Watanni kafin nan na tarar da Baba ya yi barci a kujera, hularsa ta zame ta rufe masa ido ɗaya, na ɗauka na tura wa ƙanwata da ke aure a Kano. Mun yi dariya a waya, yarinyar tana zaune tana ji. Na manta da abin ɗungum.

Ƙofar Baba a buɗe take, labule ne kawai tsakaninmu. Na ji ya yi gyaran murya. Ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina ƙarama, ya ce mu shigo mu biyu. Muka durƙusa a gabansa, ni da 'yata, kamar sa'o'in juna.

"Da gaske ne?" ya tambaye ni.

Na ce, "Da gaske ne, Baba. Ka yafe mini."

Ya gyara zama. Sannan ya ce, "Kin tuna mai hoton bakin tasha?"

Na tuna. Muna yara sau ɗaya a shekara ake ɗaukarmu hoto, washegarin Sallah. Mahaifiyata ta yi mana kitso, ta rambaɗa mana kwalli, Baba ya sa babbar rigarsa, mu tafi a jere zuwa wani ɗan shago mai labulen da aka zana wa jirgin sama. Mai hoton ya gyara wa kowa tsayuwa, ya ce a shirya, sannan ya danna. Sai mun jira mako guda kafin mu gani.

"Ko shi da sana'arsa ce," in ji Baba, "bai taɓa ɗaukata ban gyara hula ba. Na yafe miki. Amma ki goge, ki ce wa 'yar'uwarki ita ma ta goge." Ya juya wajen jikarsa. "Ke kuma amarya, ba ni kika yi wa laifi ba. Tashi ku je."

Muka je ɗakin Iya. Yarinyar tana kwance ta juya fuska bango. 'Yata ta tsaya a bakin gado ta ba ta haƙuri da Yarbanci. Ba ta juyo ba. Iya ta ce mu bar ta, zuciya ba ta saukowa rana ɗaya. Muka goge hoton daga guruf a gabanta, amma dukanmu manyan mun san ya riga ya sauka a wayoyin mutane.

Washegari na rufe keke na bi 'yata makaranta. Na ɗauka bulala za a yi mata a gaban aji, kuma a yadda nake ji ba zan hana ba. Anti matashiya ce, siririya, ba ta da hayaniya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ita ma tana da nata kason, domin ta ga hoton tun daren Litinin, ta yi niyyar magana, aiki ya sha kanta. Ta ce ba 'yata kaɗai ke zuwa da waya ba, ta san aƙalla wasu huɗu.

Ba ta doke ta ba. Ta ce in zauna a bayan aji in ina so. Ta tambayi yaran wa ya taɓa yin barci a aji, hannuwa suka tashi kusan duka. Ta ce wa zai so a ɗauke shi a nuna wa babansa da maƙwabtansu. Ba hannu ko ɗaya. Ta ce wa ya ga hoton ya yi dariya, wa ya tura wa wani. Sai can wani ya ɗaga hannu, wata ta bi. Ta sa kowannensu ya ciro takarda ya rubuta wa yarinyar abin da zai faɗa mata in ta dawo. Ni na kai wa Iya takardun a cikin leda da yamma.

Ranar Asabar shugabar makarantar ta tara iyaye. An yi ta ka-ce-na-ce. Wani mahauci daga mayanka ya miƙe ya ce a hana waya kwata-kwata, su da suka yi karatu da allo da alli me ya same su. Wata mata mai shago a Idumota ta ce ita sai magariba take dawowa, da wayar take sanin ɗanta ya isa gida. Kowa da gaskiyarsa. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa yaro ba zai shiga aji da waya ba, wanda dole ta sa ya zo da ita zai ajiye a ofis har a tashi. 'Yan kwamfutocin hannu da makarantar ke da su za a riƙa amfani da su a gaban malami kawai. Guruf kuma aka rufe shi, malamai ne kaɗai za su iya saka abu. Aikin gida aka koma rubuta shi a allo, wanda hakan ya yi wa iyayen da ba su da babbar waya daɗi, don ashe sun daɗe suna cizon yatsa ba su faɗa ba.

Namu taron na gida a kan tabarma muka yi shi ranar Lahadi bayan azahar, da baban yara da Baba. Wayar za ta zauna a aljihun keken ɗinkina. Bayan la'asar za ta ɗauka ta yi abin makaranta a baranda kusa da ni, in ta gama tana da rabin awa ta kalli abin da take so, da sauti a buɗe yadda zan ji. Ba waya a wurin cin abinci, ba waya a shimfiɗa. Ba a ɗaukar kowa hoto sai an tambaye shi, ba a tura wa kowa komai sai an nuna mini. Baba ya ce shi bai yarda ba sai in dokar ta hau kan manya ma. Maigidana ya yi dariya ya ce ya amince.

Shi ne ya fara karyawa. Kwana uku da yin maganar muna cin tuwo wayarsa ta yi ƙara, direban da ya ɗauko musu kaya daga Arewa ne, ya ɗauka da hannun hagu yana ci da dama. Autana, wanda bai wuce shekara huɗu ba, ya nuna shi da yatsa ya ce, "Abba ya yi laifi!" Daga ranar, in kira ya zama dole, sai ya wanke hannu ya fita waje. Ni ma an kama ni ba sau ɗaya ba.

Makon farko ya yi wuya. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta zauna a lungu tana cewa ba abin yi a gidan nan. Sau biyu na tarar an taɓa aljihun keken. Akwai ranar da ɗinki ya taru, yaran suka dame ni da faɗa, hannuna har ya kai kan aljihun zan ciro in ba su in huta. Na fasa, na zuba musu ƙyallayen yadi da tsohuwar allura marar tsini na ce su yi wa 'yartsana riga. Ba su yi shiru ba, amma na gama aikina.

Ƙawar tata ta koma makaranta ranar Litinin, sai dai ta daina biyowa ta ƙofarmu da safe. In sun haɗu a famfo ta ɗauke kai. Abin ya dami 'yata fiye da rashin wayar. Wata yamma ta kai ƙara wurin Baba, ta ce ta ba da haƙuri har sau uku, me kuma ake so ta yi.

Baba ya ce, "Kin san abin da ya sa ta barci a aji?"

"Burodi take sakawa a leda."

"To gobe ki tashi ki taya ta, ki ji yadda abin yake."

Na nemi izinin Iya, ta ɗaga kafaɗa ta ce ta zo. Mako guda ina tashinta da kiran sallah. Ta yi alwala tana layi, ta tafi ɗakin farko ta zauna a kan ɗan benci. Kwana biyun farko ba mai ce wa wata uffan, sai ƙarar leda. A rana ta huɗu ina hura wuta na jiyo dariyarsu, wai 'yata ta matse wani burodi har ya lotse, Iya ta ce ita za ta cinye abinta. Ranar Juma'a Anti ta aiko mini da saƙo cewa yau 'yata ce ta yi barci a darasin lissafi, kuma ƙawar tata ce ta zungure ta ta tashi.

Hoton bai mutu nan da nan ba. Gab da hutun ƙarshen shekara wani yaro ya sake fito da shi daga wayar yayarsa, ya nuna wa yara a hanya. 'Yata ta dawo gida tana huci, ta ce ai an goge, yaya aka yi ya dawo. Na ce mata namu muka goge, na hannun mutane ba mu da iko da shi. Ina jin a ranar ta gane abin fiye da duk faɗan da na yi mata. Ita da kanta ta je gidan su yaron ta roƙi yayar ta goge.

Ta koma raka Baba benci, ko da yake ba kullum ba. Wata rana cikin rabin awarta ta zo ta ce mini tana so ta ɗauki muryarsa. Na ce ta tambaye shi. Ya ce sai an miƙo masa hularsa, duk da an faɗa masa murya ce kawai. Ya gyara zama ya ba yaran labarin zuwansa Legas yana saurayi, a taragon kaya, da fataucin goro, da yadda unguwar take duk daji da gonaki, da ranar da ya fara ganin teku ya ƙi matsawa kusa. Sun yi haka sau shida ko bakwai. Ya rasu bayan shekara biyu, da damina. Ban iya sauraron muryar ba sai da aka yi wata takwas.

Gidan ma babu shi yanzu. Magada sun sayar, aka rushe aka yi shaguna. Mu muka koma wani layi can gaba, Iya kuma ta tafi wajen Sango inda ɗanta ya kama mata ɗaki. 'Yata da ƙawarta suna sakandare, makaranta daban-daban, amma duk Asabar sai sun yi waya, rabi Hausa rabi Yarbanci, ba na gane abin da ke ba su dariya. In na bi ta tsohon layin zuwa kasuwa nakan rage tafiya in duba inda barandata take. Mai sayar da takalma ne a wurin.

Bana autana ya shiga aji huɗu, ya fara damuna wai duk abokansa suna da waya. Na ce masa sai na yi shawara. Da yamma ina ninke ɗinki na tambayi yayarsa abin da ta gani. Ta ce a bar shi ya riƙa yin aikinsa da tawa a kusa da ni, tasa ta kansa kuma ya ƙara shekara biyu tukuna. Ya ji ta daga ɗaki, ya fito yana cewa ba ruwanta da maganarsa. Suka kaure da musu, na ce su je waje su ƙarasa, ina da kayan da zan kai gobe.